Ƙafar Hagu Biyu

Mudathir, mai zanen bayan mota a unguwar Jekadafari, dariya yake wa masu jan layi a wuyan hoto wai kada rai ya shiga. "Ƙauyanci!" in ji shi. Jarumin da ya fi ji da shi, wanda ya kwafo daga littafin wani Bature ya zana a bayan wata mota, haka ya bar masa wuya lafiya lau.

Da almuru yana wanke buroshi, wani dogo ya shigo ba sallama, yana ɗingishi, yana warin ɗanyen fenti.

"Kai ne gwanin?" Ya ja tsaki. "Ƙafar hagu biyu ka yi mini, malam. A haka na tako daga tasha."

Mudathir ya dubi ƙasa. Shi kuwa baƙon, ƙafar Mudathir ta dama yake aunawa da ido.