Rasit a Ƙasan Akwati

"Baba, a rufe akwatunan nan... duka goma sha biyun."

Haka Suwaibatu ta faɗa tana tsaye a tsakar gida, wata 'yar takarda a hannunta.

Guɗa ta tsaya cak. Mata sun fi ashirin a gidana na Ƙanƙara ranar, sun zo ganin lefen da aka kawo mata daga Faskari. Wata tana riƙe da leshi, wata da sarƙar gwal, kowa ya saki baki.

Na ce, "Auta, lafiya?"

"Ba lafiya ba, Baba."

Ni ne Maharazu na Damari, can ƙasar Sabuwa. Ban taɓa zama kan bencin boko ba, wannan ma da baki nake faɗa ana rubutawa. Amma sau biyu mutanen daji suna ɗaukata, sau biyu ina dawowa da ƙafata, na biyun ma da akuyarsu na taho. Da suka ƙone mana rumbuna na kwaso ɗiyata muka dawo Ƙanƙara, uwarta ta rasu a shekarar. Ban yi kuka gaban kowa ba. Sai ga 'yar takarda ta kayar da ni.

Takardar nan rasit ce. Hajiya Adama, gwaggon angon, ita ta jera rasitan kayan a ƙasan kowane akwati da gangan, don mu gani mu san gidan arziki muka shiga. Ni da kaina na ɗauko ɗaya na miƙa wa Auta ina taƙama.

"Karanta masu su ji, Barista!"

Ta karanta a zuci. Ba sunan angon, Salahuddeen, ne a kai ba, ba kuma na ubansa Alhaji Gide ba. Sunan kamfaninsu na hatsi ne, wanda ya durƙushe sati uku da suka wuce.

Aikin ɗiyata ke nan. Lauya ce, amma ba ta ɓarayi ko rikicin gona ba. In kasuwanci ya karye, bashi ya fi dukiya yawa, irin su ake kira su tattara abin da ya saura su raba wa masu bi. A kasuwar Ƙanƙara "mai wankan gawar shago" suke ce mata. In ta tsaya sayen sabulu sai mai kanti ya hau salati. Ba a gayyatarta buɗe shago. Samari uku suka zo, kowa ya ji aikinta ya sulale. Ta kai talatin da biyu, daga ofis sai gida, mu ci tuwo ni da ita, rediyo ne na ukunmu.

Sai Salahuddeen. Shi kaɗai ya ji sunan nan ya yi dariya ya ce, "To ai mai wankan gawa lada gare ta."

Da kotu a Katsina ta naɗa wanda zai tattara kadarorin kamfanin ubansa, Auta ta cire hannunta tun ranar farko, ta ce ba ta taɓa takardar surukanta. Amma doka tana kanta.

Da la'asar Salahuddeen ya iso, ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba. Suna zaure, ni ina ciki. Kunnen da ke jin babur tun yana bayan dutse, ai ba zancen zaure zai gagare shi ba.

"Rabin raina, me nake ji? Wai za ki mayar da lefe?"

"Ba gidanku zan mayar ba. Wurin wanda kotu ta naɗa zan kai."

"Mutane ba su san wannan ba! Lefe in ya fita gidan amarya an fasa aure, kin sani!"

"Na sani..."

"To me ya sa?"

"Da kuɗin kamfani aka saya, Salah. Ana saura wata biyu ya faɗi."

"Kamfanin na Alhaji ne! Aljihunsa ɗaya, tun muna yara haka yake yi."

"Aljihun nan akwai masarar mutane a ciki. Manoma saba'in da huɗu daga Sabuwa da Damari suka ba ku hatsi ba a biya su ba. Akwai Inna Hajaratu, an kashe mijinta a gona, buhu goma sha ɗaya ta kawo maku. Ka ce in ɗaura masararta in shiga ɗakinka?"

Sai ya sassauta murya.

"Wa ya ga rasit ɗin ban da ke? Ki yaga shi, masoyiyata... don Allah... don ni."

Na ji muryarta ta karye.

"Da zan iya yagawa, da ba ni ce wadda ka ce kana so ba."

Ya tashi ya fita. Bai yi sallama ba.

Ni ma ban goyi bayanta ba, in faɗi gaskiya. Na ce, "Ke, ni da na kuɓuce wa masu bindiga, ki sa a yi mini dariya a kan atamfa? Wa zai ƙara zuwa?"

Ta ce, "Wataƙila ba kowa, Baba."

Washegari ta yi hayar a-kori-kura. Akwati goma sha biyu suka fita ta ƙofar da suka shigo, unguwa duk tana leƙe.

Kafin azahar Hajiya Adama ta iso daga Faskari, mayafi a kugu.

"Malam Maharazu, mun gode! Dama an faɗa mana, wadda ke cin abinci da faɗuwar mutane ba ta san kunya ba. Ga Mansura ɗiyata nan, 'yar gida, ko zani ɗaya ɗan uwanta ya ba ta za ta karɓa da hannu biyu."

Na ce, "Hajiya, ke kika sa takardar a akwati, ba ni ba."

Ta tafi tana zage-zage. Bayan nan aka yi ta yaɗa cewa Auta ce ta kai ƙarar kamfanin tun farko don ta samu aiki. Ƙarya ce, amma ta shiga gari.

Wata bakwai.

Wayarta ba ta ƙara yin irin ƙarar da ta ware mashi ba. Takan dawo daga ofis ta zauna bakin rijiya da takardu a cinya, shafi ɗaya har magariba. Damina ta zo ta wuce. Aka daina gayyatarta har suna da biki. Wata rana na iske ta tana ninke wani ɗan hankici da ya manta a zaure, ta warware, ta sake ninkewa.

Na ce, "Kin yi da-na-sani?"

"A'a, Baba. Kewa kawai nake yi."

Na ƙara wa rediyo murya.

Labari ya zo mana an sayar da injinan kamfani da motoci da lefen, an raba. Manoma ba su samu duka ba, sun dai samu abin sayen iri da taki. Shi kuma Salahuddeen wai ya ƙi Mansura a gaban ubansa, ya bar gida, yana tuƙa motar wani, yana ɗaukar masara daga Sabuwa zuwa Funtuwa a kan hanyar nan da ko ni sai na yi addu'a uku nake bin ta. Auta ta ji, ta shiga ɗaki, ba ta ci tuwo ba ranar.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Wata tsohuwa ce siririya, da akwati ɗaya a ka, ɗan madaidaici.

"Malam Maharazu, ba ka gane ni ba? Hajaratu ce ta Damari."

"Ikon Allah! Me ke tafe da ke?"

"Lefe na kawo. Gwaggonnin Salahuddeen sun ce ba za su ɗauki akwati ɗaya su shigo Ƙanƙara a yi masu dariya ba. Ya zo har gida ya durƙusa ya roƙe ni. Na ce ni kam ko da ƙafa ne zan kai."

Auta ta fito ta tsaya jikin ƙofa kamar an dasa ta.

Muka buɗe. Atamfa huɗu, mayafi biyu, takalmi, sabulu da turare. Babu gwal. A ƙasa kuma... 'yar takarda.

Na ɗauka, na juya ta sama da ƙasa, na miƙa.

"Auta, wannan karon da ƙarfi."

Ta karɓa. Hawaye ya ɗiga a kai kafin ta buɗe baki.

"Salahuddeen Gide... direba."

Hajaratu ta rangaɗa guɗa ita kaɗai, ta ishi gidan.

Yana waje ashe, jikin katanga, ya rame ya yi baƙi. Na ce ya shigo zaure. Na koma ciki, kunnena dai yana nan.

"Wata bakwai, Salah... ko saƙo?"

"Kunya nake ji, rabin raina. Na ce ki yaga. Na rantse ba zan zo ba sai da takardar da za ki iya karantawa gaban kowa."

"Da wani ya riga ka fa?"

"Wa zai iya da mai wankan gawar shago in ba ni ba?"

Na ji dariyarta haɗe da kuka. Rabona da jin ta tun ranar akwatunan.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Alhaji Gide ya zo a makare, ya zauna can baya, amma ya zo, kuma da aka shafa fatiha ya miƙo mini hannu. Hajiya Adama ba ta zo ba.

Yanzu suna Faskari, ɗaki biyu na haya. Ko'ina na zauna sai na faɗa: ni Maharazu, da ban san bihim ba, ni na haifi wadda ta fitar da akwati goma sha biyu ta karɓi ɗaya. Wanda bai so ji ba ya tashi.

Da magariba nakan zuba tuwo a kwano ɗaya, in kunna rediyo. Rasit ɗin yana aljihun rigata, na roƙe ta ta bar mini. Ban iya karanta shi ba, amma na san abin da ke ciki.