Kwana Biyar na Ruwan Tafki

Ranar Litinin da safe masunta suka tarar da kifin tafkin da ke gabas da Durun ya taso fari fat, duk ya mutu. Kafin azahar sun taso ƙeyar Malam Hammadu zuwa caji ofis, wai ya zuba guba. Hujjarsu ɗaya ce: shanunsa a nan suke shan ruwa, kuma sun taɓa sa-in-sa da shi. Mutane in ransu ya ɓaci, wanda ba shi da gata suke fara nema.

Sufeto Abdulmumini ya dubi dattijon. "Baba, ka zuba?"

"Ranka ya daɗe, in zuba guba inda shanuna ke sa baki?"

Mai unguwa ya ce in ba a hukunta shi ba, za su kori Hammadu da iyalinsa daga garin kafin Juma'a.

Sufeto ya je bakin tafkin. Wani tsohon masunci ya ce tun asuba ya ga kifin na leƙowa sama, baki buɗe, kamar mai haki. A arewacin tafkin Sufeto ya ga wata kwata mai tsamin wari. Ya bi ta har bayan injin gumin shinkafar Alhaji Jibirin.

Ya cika kwalabe biyu, ɗaya daga mashayar shanu, ɗaya daga bakin kwatar. Ya sa su cikin kula mai ƙanƙara, ya kai wani ɗakin gwaji a Kano.

Malama Adawiyya, mai gwajin, ta ce, "Za mu duba guba. Amma kifi na mutuwa ko babu ita. Akwai iskar da yake shaƙa a cikin ruwa. In ƙazanta ta yi yawa, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita sai su shanye iskar. Za mu auna iskar yau, mu rufe kwalaben a duhu, mu sake aunawa bayan kwana biyar. Shi ne gwajin BOD."

"Malama, akwai mutum a tsare. Ba za a samu a kwana biyu ba?"

"Ko gwamna ne ya kawo, Sufeto, biyar ne."

Ya koma ya ba da belin Hammadu, ya gargaɗi mai unguwa: duk wanda ya taɓa gidan dattijon, shi zai kwana a tsare.

Ranar Alhamis Alhaji Jibirin ya zo ofis da kansa, yana ƙamshin turare, ya ajiye takarda mai hatimi.

"Na ji ana ambaton injina. Ga sakamakon BOD. Ruwana garau yake."

"Madalla, Alhaji. Yaushe aka ɗebi ruwan?"

"Ranar da kifin ya mutu. Ni na ɗiba da hannuna."

"Litinin ke nan. Yau kuma Alhamis?"

"Ai ni ba na wasa da aiki."

Sufeto ya sa takardar a durowa, ya raka shi har mota.

Ranar Asabar sakamako ya fito. Babu guba. Ruwan mashayar shanu da sauran iska a cikinsa, na bakin kwatar kuwa ƙazantarsa ta ninka abin da doka ta yarda sau da yawa.

Sufeto ya tara jama'a a ƙofar injin, ya ɗaga takardun biyu.

"Alhaji, gwajin kwana biyar, ta yaya naka ya nuna a kwana uku?"

"Wataƙila na'urarsu sabuwa ce."

"To hau mota ka nuna mini ɗakin gwajin."

Gumi ya jiƙa wa Alhaji hula. Da ƙyar ya ce ramin da yake tara ruwan jiƙon shinkafa ne ya cika, ya ƙi haƙa wani, ya fasa shi ya kwarara tafki. Takardar kuma a shagon kwamfuta aka buga ta.

"Kana kallo za a kori mutum da iyalinsa?"

"Na zaci abin zai wuce."

"Ya wuce. Kofur, sa masa ankwa."

Motar na tashi, mai unguwa ya matsa kusa da Hammadu, kansa a ƙasa. "Malam, ka yafe mana."

"Na yafe," in ji Hammadu. "Amma kwana biyar shanuna ke zagaye har Garo neman ruwa. Gobe rijiyarka za su sha, kuma kai za ka ja gugan."