Hatimi a Fuskar Magulmaciya

Da hantsi aka kawo wa Sufeto rahoton sata a gidan waya. Wanda ya kawo rahoton shugaban gidan ne da kansa, dattijo mai tsabtar tufafi, wanda ya kama aiki tun zamanin da ake lasar kan sarki da harshe.

Abin da ya ɓace wata na'urar hannu ce da hedkwata ta raba wa masu kai saƙo. Da ita ake haska lambar kowane ƙunshi, a kan gilashinta mai karɓa yake sa hannu da yatsa, ita kuma ta sanar da hedkwata inda ma'aikaci yake da abin da yake yi. Saboda wannan hali nata ma'aikata suka raɗa mata suna Magulmaciya.

Kafin azahar Saje ya riga ya tsare mai babur ɗin da na'urar take hannunsa, wani magidanci da ake kira Dogo. Saje ba ya son bincike ya tsufa. Dokar hedkwata kuwa ba ta da kwana: duk wanda na'ura ta salwanta a hannunsa, kora ce, sannan kotu.

Sufeto ya fara da ofishin Shugaba. Tebur ne babba, ambulan jibge a gefe guda, kwamfuta a ɗaya gefen an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado.

"An ce Dogo ɗan'uwanka ne."

"Ɗan ƙanwata ne, Yallaɓai. Ni na nema masa aikin. Amma doka ba ta san kawu ba."

"Ko akwai masu jin haushin na'urar a nan?"

"Da yawa. Ban da ni. Ni nake yi musu lacca a kan zamani. Ranar da hedkwata ta ce a tattara tsofaffin hatiman hannu, tunda yanzu inji ke buga lamba, ni na fara miƙa nawa."

Ya faɗi haka yana kallon bango.

A caji ofis Dogo yana zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ina ka ajiye na'urar da ka tashi aiki?" in ji Sufeto.

"A durowata, ranka ya daɗe."

"Ba a fasa durowar ba."

"To, ƙila ban kulle ba."

"Saje ya same ta a kulle."

Sai Dogo ya ce, "Don Allah in matata ta zo da abinci, a ce mata an tura ni aiki wani gari."

Sufeto ya sha ganin masu ƙarya don su fita. Wannan ƙaryar tasa ƙara tura shi ciki take yi.

Ya koma gidan waya wurin Malama, mai kula da kwamfutoci. Ta buɗe taswira, ta nuna masa wani ɗigo.

"Ai ba a banza muke ce mata Magulmaciya ba. Ko an sace ta sai ta kai rahoto. Ka ga, a nan ofis ta kwana. Da safe ta fita, ta bi babban titi, ta tsaya a duk inda motar wasiƙu take tsayawa, har cibiyar rarraba saƙo. A can cajinta ya ƙare."

"Ɓarawon ya hau motar wasiƙu ke nan?" in ji Saje.

"Direba ba ya ɗaukar fasinja," in ji Malama. "Buhu kawai."

A cibiyar, injin rarrabawa yana ta zuba ƙunshi-ƙunshi cikin kwanduna ba tare da taimakon kowa ba. A can ƙarshe akwai kwando guda na abin da injin ya kasa karantawa, da wani ma'aikaci da aka bari domin shi kaɗai.

"Daga gidan wayar da kuke magana, guda ɗaya injin ya tofar," in ji ma'aikacin. "Babu lambar da zai haska. Adireshin kuma babu irin wannan titi a duniya, ba sunan mai aikowa."

Ya miƙo ƙunshin. An naɗe shi da takarda mai kauri, kusurwoyin sun tashi tsaf, an ɗaure da igiya ɗaurin gwani. A saman dama an jera kan sarki.

"Na ɗora shi a sikeli don sha'awa," ya ƙara da cewa. "Kan sarkin daidai yake da nauyin. Rabona da ganin aiki mai kyau irin wannan har na manta."

Sufeto ya matso da ƙunshin kusa da idonsa. An soke kowane kan sarki da hatimin hannu, bugu ɗaya, babu karkata. Da ya kwance igiyar, sai ga Magulmaciya kwance cikin auduga. Gilashinta ya tarwatse daga tsakiya, kuma a daidai inda tsagar ta faro akwai da'irar tawada, da sunan gidan wayar, da kwanan wata.

"Ikon Allah," in ji Saje. "Wane irin ɓarawo ne zai saci abu, ya buga masa hatimi, ya saya masa kan sarki?"

Sufeto ya ɗauki na'urar, suka fito.

Ana gab da tashi aiki ya shiga ofishin Shugaba, ya rufe ƙofa, ya ajiye na'urar a kan tebur, fuskarta sama.

"Baba, buɗe durowar dama."

Dattijon ya dubi na'urar. Daga bisani ya jawo durowar, ya fito da hatimi mai mariƙin katako, wanda tafin hannu ya goge har yana sheƙi.

"Wani lalatacce na miƙa musu," ya ce. "Wannan na kasa."

"Ina jin ka."

"In kowa ya tashi, nakan jawo ambulan in buga musu. Ba a buƙata, na sani. Hannu ne ya saba. Ranar nan ina bugawa, ina tunanin wani abu, ban duba ba. Ashe tana kan teburin, tsakanin ambulan. Sai na ji ƙas."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ni da nake yi musu lacca? A ce Shugaba ya soke na'ura kamar kan sarki? Har bayan raina za a riƙa ba da labarin a kowane gidan waya."

"To me ya hana ka jefa ta a kwata?"

Dattijon ya ɗago da mamaki na gaske. "Kayan ofis ne, Yallaɓai."

"Kan sarkin fa?"

"Yaya za a yi in sa abu a buhu ba kan sarki? Ban taɓa ba." Ya sunkuyar da kai. "Na zaci zai yi ta yawo daga ofis zuwa ofis kamar da, har a manta da shi. Rahoton kuwa dole ne in kai, hedkwata ta riga ta tambaya. Ban zaci za a kama kowa ba."

"Da aka kama shi fa?"

Dattijon ya ajiye hatimin a kan tebur. Sufeto ya sanar da shi cewa ba fasa gilashi ne laifin ba, rahoton ƙarya ne da barin wani a tsare. Dattijon ya roƙi alfarma guda, a fita da shi ta ƙofar da ake loda buhuna. Aka yi masa.

A caji ofis sun iske ana mayar wa Dogo ɗamararsa da makullin babur. Sufeto ya tsayar da shi.

"Ka san inda ka bar na'urar."

"A teburin Kawu na bar ta tana caji, ranka ya daɗe. Soket ɗinmu ya lalace."

"Shi ne ka kasa faɗa?"

"Wan mahaifiyata ne. Da wane bakin?"

Ya juya, ya ga wanda ke tsaye a bayan Saje. Sai ya ajiye makullin, ya durƙusa har ƙasa a gaban kantar caji ofis, a gaban kurata da masu kawo ƙara.

"Kawu, ina wuni? An tashi aiki lafiya?"

Dattijon ya buɗe baki, gaisuwar ta ƙi fitowa. Saje ya ɗan jira, sannan ya taɓa kafaɗarsa, suka wuce ciki.