Tsohuwa da Marayan Ɗan Tunkiya

A can wani zamani an yi wata tsohuwa mai zafin rai. Ta ɓata da kowa, ba mai leƙa ta, tunkiyarta kaɗai take yi wa hira.

Lokacin haihuwar tumaki ya zo, tunkiyar ta haifi ɗa ba rai. Tunkiya kuka, tsohuwa kuka. Bayan danga kuma ɗan tunkiyar maƙwabcinta Tanko yana kuka, uwarsa ta mutu.

Ta wuni tana ji, tana cije baki, har kukan ya fara dusashewa.

"Kai Tanko, sakarai! Miƙo shi nan kafin yunwa ta kashe shi!"

Ta shafa wa ɗan tunkiyar ruwan kanwa don tunkiyarta ta lashe shi. Tunkiya ta shinshina, ta lasa, ta bar shi ya sha nono.

"Iya, in dawo gobe in duba shi?"

"Wa ya hana ka?"

Washegari da sassafe ta shimfiɗa tabarma biyu.