Tsohuwar Ƙarƙashin Gaɓa

Dab da magariba Mai Albasa ya koma gona ɗauko injin ban-ruwa. Gonar nan ta bakin kogi ita kaɗai mahaifinsa ya bar masa, ita ke ci da gidansa. Tsohon bai taɓa nome bakin gaɓa ba, ya bar wa itatuwa da ciyawa. Shi kuwa ɗan, kwaɗayi mabuɗin wahala, ya sare itatuwan, ya tone saiwoyin, ya ja fangalin albasa har bakin ruwa. Har dariya yake wa maƙwabta, wai su ciyawa suke noma.

Ya tarar da wurin tsit, ko kwaɗo ba ya kuka. Sai warin ɗanyar laka, da ƙarar ƙasa tana zuba cikin ruwa kaɗan-kaɗan.

Ya sunkuya zai kwance tiyo, ya ji nishi ƙarƙashin ƙafafunsa.

Ya leƙa. Ashe ruwa ya rarake gaɓar ta ciki, ya yi kogo. Cikin kogon wata tsohuwa ce durƙushe, ta ɗaga hannaye ta tallafe ƙasar da yake tsaye a kai. Hannayen sun fi taɓarya tsawo, sai rawa suke.

"Ɗan nan," ta ce da raɗa, "kai ka cire mini rufin ɗaki?"

Ya ce, "Iya, ban sani ba."

"Ubanka ya sani. Tun rani nake ɗauke da kai. Na gaji."

Ta sauke hannu ɗaya.

Ƙasa ta tsage tsakanin ƙafafunsa.

"Iya, ki yi haƙuri, zan dasa wasu."

"Kafin su girma fa?"

Ta sauke ɗayan.

Ya yi tsalle, ya faɗi rubda ciki, ya ja jiki. Injin ya tafi cikin kogi. Fangali na bin fangali cikin ruwa, shi yana rarrafe, ƙasa na gutsurewa a bayan dugadugansa, har ya kai hanya.

Da gari ya waye, gonakin maƙwabta na nan da ciyawarsu. Tasa babu ko wurin shimfiɗa tabarma.

Yanzu ƙwadago yake yi a gonakin da ya yi wa dariya. Kullum da safe matarsa na share jiƙaƙƙen yashi a ƙarƙashin gado. Jiya ta nuna masa daɓen ɗakin ya fara tsagewa, ta gefen da yake kwana.