Abin da Hula ta Rufe

An yi wani wanzami da maigidansa ya kora. Ya yi ta yawo gari-gari, daga shi sai zabirarsa, ba mai ce masa sannu. Ran nan ya je neman aiki wurin wani tsohon Sarkin Aska.

Tsohon ya ce, "Samari, me ya raba ka da maigidanka?"

Ya ce, "Zama ne ya ƙare, Baba."

"An ce mugu ne, kuma kansa duk ƙuraje. Gaya mini, in ɗauke ka."

Ga yunwa, ga rashin masauki. Ya ce, "Zama ne ya ƙare, Baba."

Ya rataya zabira zai tafi. Sai tsohon ya tuɓe hular da bai taɓa tuɓewa gaban kowa ba, ya ce, "Dawo ka yi mini aski."