Hayar Hawan Ƙarshe

Duk wanda ya shiga unguwar bankuna sai ya ɗaga kai ya kalli dogon benen gilashin nan. Wani dillalin ofisoshi kuwa kullum yana kai masu haya cikinsa, ya fito da 'yar la'ada. Kallon benen ya zame masa ciwo.

Ranar da ya tafi wurin boka, 'yarsa ce ta tuƙa shi, wadda ake kira Injiniya saboda karatunta. Ya ce mata maganin basir zai karɓo. Daga bakin bukkar ta hango ƙwarya cike da daskararren jini, da kan akuya a rataye, ƙudaje sun rufe shi.

"Benen zai zama naka," in ji boka. "Amma hawan ƙarshe na mutanena ne, kai ne ɗan hayarsu."

"Me za su karɓa?"

"Abin da ke gidanka."

Baban Injiniya ya yi dariyar dillalai. "Haba ranka ya daɗe, wa ke biya lokaci guda? A bar ni in riƙa biya kaɗan-kaɗan."

Boka ya ce, "Kai ka roƙa."

Ba a jima ba benen ya shiga hannunsa, motoci suka cika gida. Sai aka fara karɓa. Yayan Injiniya ya shiga lifta da ƙafarsa, aka fito da gawarsa ba ko ƙwarzane. Ƙanwarta ta kwanta da ciwon kai, ba ta tashi ba. Umma ta koma zuba wa matattu abinci tana musu faɗan sun bar shi ya huce.

Injiniya ta daina cin ko ƙwayar shinkafar Baba. Ta nemi aiki, ta ci gaba da yi wa Umma wanka, tana saya mata sabulu da magani da albashinta. Baba bai taɓa ganin hawayenta ba.

Wata safiya ya kira ta ofishinsa a benen, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Uwata, hau can sama ki ɗauko min wasu takardu."

"Baba, ina bakin ƙofa ranar. Na ji komai."

Ya durƙusa. "Sun matsa min. Ke kaɗai kika rage."

"Kai ka yi cinikin. Kai za ka hau."

Ta juya, tana jin lifta ta buɗe da kanta a bayanta. Da azahar masu goge gilashi suka hango shi ta tagar hawan ƙarshe, tsirara, yana roƙon bango a ƙara masa lokaci. Masu haya suka watse.

Mai kwaɗayi, ka ji da kyau: wanda ya miƙa ɗansa, kansa za a karɓa a ƙarshe.